Ruwan Guci daga teku yake zuwa: wa ke ba da izinin bincikensa?

Daga gundumar Guci, a yankin Dungass na jihar Damagaram, zuwa gaɓar teku mafi kusa, tafiyar fiye da kilomita 800 ce. Amma ruwan shukar da manomin gero da wake ke ɗaga kai sama yana jira a watan Yuni, a can ake haɗa shi. Iskar damina ce ke ɗauko laima daga Tekun Gini, ta ratso Najeriya, ta zube ta a kan jigayin Magarya da Dungass. In zafin saman tekun ya canza, damina ma sai ta canza.

Bayan farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawan yankin ba su manta ba, masana suka duƙufa neman dalili. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa na Ingila suka nuna alaƙar zafin saman tekunan duniya da ruwan saman Sahel, a 2003 kuma Alessandra Giannini da nata abokan aikin suka ƙara tabbatar da hakan. Shi ya sa tun 1997 Faransa da Brazil da Amurka suka girke na'urori masu iyo a Tekun Atlantika, a shirin PIRATA, suna auna zafi da gishirin ruwa da ƙarfin iska. Daga 2005 zuwa 2007 kuma jiragen binciken Faransa suka yi ta zirga-zirga a Tekun Gini a ƙarƙashin shirin AMMA, wanda Yamai ta kasance ɗaya daga manyan cibiyoyinsa. Irin waɗannan awo ne ke shiga hasashen daminar da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da abokan aikinta ke fitarwa kowace shekara.

Sai dai jirgin bincike ba ya faɗawa ruwan wata ƙasa haka kawai. Kamar yadda baƙo ba ya haƙa rami a gonar mutum sai ya yi sallama da mai ita, haka dokar take a teku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a Montego Bay na Jamaika ranar 10 ga Disamba 1982, ta fara aiki a 1994, ta ware sashe na 13 kacokan ga binciken kimiyya. Daga gaɓa zuwa mil 12 na teku, ruwan mallakar ƙasa ne, ba a taɓa shi sai da amincewarta a fili. Daga nan zuwa mil 200, wato kimanin kilomita 370, yankin tattalin arzikinta ne, nan ma sai da izini.

Ga yadda ake neman sa a yankin tattalin arzikin. Mai bincike zai miƙa takarda ta hanyar hukuma, galibi ta ofishin jakadanci zuwa ma'aikatar harkokin waje, aƙalla wata 6 kafin ranar fara aiki. A ciki zai bayyana manufar aikin, sunan jirgin da girmansa, kayan awon da ke cikinsa, ainihin wuraren da zai tsaya, ranar shiga da ranar fita, da wanda ya ɗauki nauyi. Ƙasar tana da wata 4 ta ce ba ta yarda ba ko ta nemi ƙarin bayani. In ta yi shiru, doka na ɗaukar shirunta a matsayin yarda. Ana sa ran ta amince in aikin na zaman lafiya ne da ƙaruwar ilimi. Tana da ikon hanawa in binciken ya shafi albarkatu irin su man fetur da kifi, ko za a haƙa ƙasan teku, ko a yi amfani da nakiya, ko an yi mata ƙarya a takarda.

Izinin kuma yana da sharaɗi. Ƙasar na da haƙƙin sa masananta a cikin jirgin ba tare da ta biya kuɗin aikin ba, a ba ta rahoto, a raba samfura da bayanan awo da ita. In mai bincike ya saɓa, ta dakatar da shi. Najeriya, wadda ta amince da yarjejeniyar a 1986, tana da cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas tun 1975, don haka tana da masanan da za ta tura.

To ina Nijar, da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓa? Doka ba ta manta da ita ba. Saɗara ta 254 ta ce mai bincike ya sanar da ƙasashe maƙwabta marasa teku shirin aikinsa. In sun nema, a ba su bayanai, a kuma ba ƙwararrunsu damar shiga aikin in hali ya yi, muddin mai gaɓar ba ta ƙi su ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar a 2013, kuma tana iyaka da Najeriya da Benin, masu gaɓa a tekun da damina ke tasowa.

Haƙƙin da ba a nema ba, a takarda yake tsufa. Ya kamata ma'aikatar harkokin waje ta ware ofishin da zai riƙa karɓar irin waɗannan sanarwa, jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta André Salifou ta Damagaram kuma su horar da matasa a ilimin teku da yanayi, su ajiye sunayensu a shirye. Sannan abin da aka auno ya iso gidajen rediyon karkara da Hausa kafin a fitar da iri daga rumbu. Manomin Guci da ya yi shuka a ruwan farko, fari ya biyo baya irinsa ya ƙone, shi ya fi kowa buƙatar sanin abin da jiragen nan suka gano, kuma doka ta riga ta ba ƙasarsa ƙofar tambaya.