Kasuwar da Aka Ce Ba Ta da Sarki

Tun da Amurka ta janye takunkumin da ta ƙaƙaba wa manhajar kirifto ta Tornado Cash a watan Maris na 2025, matasanmu masu harkar kirifto ke ta shewa, wai hukuma ta sallama, DeFi ta fi ƙarfin doka. Sun yi azarɓaɓi. Wata kotun Amurka cewa ta yi manhajar da babu mai iya sauya ta ba dukiyar kowa ba ce, don haka ba ta ɗaukar takunkumi. Waɗanda suka rubuta ta kuwa ba su sha ba: a 2024 wata kotu a Holan ta yanke wa Alexey Pertsev ɗaurin wata 64.

DeFi dai rance ne da canji da ajiya da manhaja ke gudanarwa, ba banki, ba dillali. Masu tallarta na rantsuwa cewa babu hannun da ke juya ta.

To, su tuna 2016. A shekarar aka tara kimanin dala miliyan 150 a wani asusun haɗaka na Ethereum mai suna The DAO, bisa sharaɗin cewa abin da manhaja ta zartar ya zauna. A watan Yuni wani ya gano kafa a rubutun manhajar, ya zurare kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Nan take masu faɗa a ji suka bayyana. Aka yi ta cacar baki, a watan Yuli aka sauya tsarin, aka mayar wa jama'a kuɗinsu. Waɗanda suka ƙi yarda suka ware da Ethereum Classic. Ashe akwai hannu, sai kuɗin manya ya salwanta yake fitowa.

Haka a 2022, da ɓarayin Lazarus na Koriya ta Arewa suka wawashe sama da dala miliyan 600 daga dandalin kirifto na Ronin, makullai biyar cikin tara masu ba da izinin fitar da kuɗi kawai suka mallake.

Nan ya kamata doka ta dosa: wa ke riƙe da makullan, wa ke karɓar la'ada. Dokar zuba jari ta 2025 ta danƙa kadarorin kirifto a hannun hukumar SEC ta Najeriya. Me take jira? Ta tilasta wa duk dandalin da ke farautar kuɗin 'yan ƙasa ya bayyana masu makullansa. Kai kuma da ke shirin sayar da babur ka zuba, fara tambayar wanda za ka kai ƙara ranar da kuɗin suka yi ɓatan dabo.