Digirin Nazarin Laifuka Da Tsaro: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

A 'yan shekarun nan, cikin kwasa-kwasan da yaranmu suke rububin cikewa a fom ɗin JAMB akwai wanda ake kira Kiriminoloji, wato nazarin aikata laifuka da harkar tsaro. Jami'ar Tarayya da ke Dutse tana koyar da shi, haka ma Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN. To uwargida, tunda galibi ke ce za ki fasa asusu, ki kwashe adashi, wani lokacin har ɗan kunnen gwal ya tafi kasuwa, ya kamata ki san abin da kuke saye kafin a kai ga biyan kuɗin rajista.

Da farko dai, wannan digiri ba ya mayar da mutum lauya. Iyaye da yawa sukan ji an ambaci laifi da kotu, sai su ɗauka ɗansu zai fito da baƙar riga da farar hular nan. Ko kusa! Aikin lauya sai an yi digirin shari'a na shekara 5, sannan a ƙara shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi, irin reshenta da ke Bagauda. Shi mai Kiriminoloji abin da yake karantawa shi ne dalilan da ke sa mutane aikata laifi, da yadda 'yan sanda da kotuna da gidajen yari suke gudanar da aikinsu, da dabarun rigakafi.

Karatun a takarda shekara 4 ne, amma kowa ya san halin jami'o'in gwamnati. Yajin aikin malamai na 2022 kaɗai ya cinye wata 8. Kuɗin makaranta kuwa shi ne ƙaramin ɓangare na ɗawainiyar. Haya da abinci da kuɗin mota da na takardu su ne suke rarake aljihu a hankali, sai a lissafa su tun daga shekarar farko har zuwa bautar ƙasa, inda alawus ɗin ya koma Naira dubu 77 a 2025.

Ina ake zuwa da takardar? Mafi yawa aikin ɗamara ne: 'yan sanda, Sibil Difens, Hukumar Shige da Fice, hukumar gidajen yari wadda aka sauya wa suna zuwa ta Gyaran Hali a 2019, da NDLEA da EFCC da NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Mai digiri yakan fara ne daga mataki na 8, da muƙamin ƙaramin hafsa, alhali mai takardar sakandare daga can ƙasa yake farawa. Wannan riba ce ta gaske, ga albashi duk wata, ga fansho.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Waɗannan hukumomi idan suka buɗe ɗaukar ma'aikata, ba sa cewa sai mai Kiriminoloji. Wanda ya karanta tarihi ko lissafi ko Hausa duk layi ɗaya za su bi da ɗanki, kuma mataki ɗaya za a ba su. A 2025, fiye da mutum miliyan 1 da rabi suka nemi gurabe kimanin dubu 30 a hukumomi huɗu da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Idan yaro bai dace ba, mai digirin akanta zai iya leƙa banki ko kamfani, mai digirin koyarwa ya kama alli. Shi kuwa namu ƙofofinsa ba su kai nasu yawa ba, ga kuma ƙa'idar shekaru tana bin sa a guje. Kamfanonin gadi masu zaman kansu suna ɗauka, amma abin da yawancinsu ke biya ba zai mayar da kuɗin da aka kashe nan kusa ba.

A ganina, yaron da zuciyarsa ke kan aikin ɗan sanda, gara a fara gwada masa Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Tana karɓar 'yan shekara 17 zuwa 22, maza da mata, a yi shekara 5, a fito da digiri da muƙamin ASP tare. Shigarta da wuya, gaskiya, amma wanda ya shiga ba ya yawon neman aiki da fayil a hammata.

Ga 'ya'ya mata akwai ƙarin abin dubawa. Ana matuƙar bukatarsu, domin mace da ke tsare ko yarinyar da aka ci zarafinta ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace. Amma aiki ne na kwana, kuma ana iya tura ta kowace jiha. Wannan magana a yi ta tun da wuri, da ita da mahaifinta, in akwai manemi har da shi, kada a gama kashe kuɗi takarda ta ƙare a ƙasan akwati.

In kuwa yaro ya kafe sai wannan fanni, a nema masa jami'ar gwamnati, don banbancin kuɗinta da na jami'a mai zaman kanta ba kaɗan ba ne, alhali matakin fara aiki ɗaya ne. Akwai kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Sannan lokutan hutu kada ya zauna haka, ya koyi kwamfuta sosai ko lissafin kuɗi. Zambar intanet ta yi yawa yanzu, bankuna da hukumomin bincike suna neman wanda ya iya bin sawun kuɗi, kuma ranar tantancewa irin wannan ne zai bambanta shi da sauran masu takarda iri ɗaya da tasa.