Yuriya: Takin da ke da asali guda da fitsari

Kowace damina, manoman gero daga Maraɗi zuwa Damagaram na neman buhun yuriya ido rufe, sau da yawa da kuɗin da ƴan ci-rani suka aiko gida. Kaɗan ne suka san cewa wannan farin taki shi ne sinadarin da hantar mutum ke haɗawa, ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari.

A da, masana da dama sun ɗauka cewa sinadaran da aka gina kan karbon, irin su sukari, kitse da furotin, rayayyen jiki kaɗai ke iya samar da su. A 1828, Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji a birnin Berlin, lamarin da ya girgiza wannan fahimta.

Nitrojin ne kashi 46 cikin 100 na nauyin yuriya, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50, kuma shi shuka ke bukata. Masana'antu na sarrafa takin ne da iskar gas, shi ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke.

Sai dai tsadar ba ita kaɗai ce asara ba. Idan aka watsa yuriya a sarari cikin zafi, ƙananan halittun ƙasa kan farfasa shi, wani kaso na nitrojin ya bi iska, da irin zarnin da ake ji a makewayi. Shi ya sa malaman gona ke cewa a tona gefen shuka, a zuba lokacin da ƙasa ke da laima, a rufe.