WALTER MOSLEY: ADANA TARIHI A CIKIN LABARIN LAIFI

1.0 Gabatarwa

A fagen nazarin ƙagaggun labarai akwai wani rukuni da manazarta suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji, wato labaran laifi da bincike. Galibi akan ɗauke su a matsayin abin rage dare kawai, waɗanda ba su cancanci a kawo su aji ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wani marubuci baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, Walter Mosley, domin a ga yadda ya ɗauki wannan rukuni da aka rena ya mai da shi rumbun ajiye tarihin mutanensa. Za a fara da bayanin irin labarin da ya tarar, sa'an nan a dubi asalinsa, da shigarsa harkar rubutu, da manyan littattafansa, kafin a zo ga abin da ɗalibin adabin Hausa zai iya tsinta a ciki.

2.0 Irin Labarin da ya Gada

Labarin bincike iri biyu ne. A na farko, wanda ya fi bunƙasa a Ingila, ana aikata kisa, mai bincike ya yi amfani da kaifin basira ya gano mai laifi, a hukunta shi, zaman lafiya ya dawo. Na biyu kuwa a Amurka ya tsiro, a hannun marubuta irin su Dashiell Hammett, mai littafin The Maltese Falcon na 1930, da Raymond Chandler, mai littafin The Big Sleep na 1939. A wannan irin, ɓarnar ta game gari. 'Yan sanda da attajirai da 'yan siyasa duk da hannunsu a ciki, kuma ko an gano mai laifi ba lalle ne a yi adalci ba. Faransawa ne suka laƙaba wa irin wannan labari sunan da ke nufin "baƙi" a harshensu, musamman bayan kamfanin ɗab'i na Gallimard ya fara fitar da jerinsu a 1945. A wannan maƙala za a kira shi labarin duhu.

Taurarin waɗannan littattafai kusan dukkansu fararen fata ne, baƙar fata kuwa sai dai a gan shi a gefe. Alal misali, littafin Chandler na 1940, Farewell, My Lovely, ya buɗe ne da kisan wani baƙar fata a wata mashaya ta birnin Los Angeles, kisan da 'yan sanda suka yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda ya fara karya wannan al'ada sosai shi ne Chester Himes, wanda tun daga 1957 ya riƙa rubuta labaran wasu 'yan sandan ciki biyu baƙaƙe a unguwar Harlem ta New York. To amma shi Himes zamaninsa yake rubutawa. Abin da Mosley ya ƙara shi ne waiwaye, wato ya koma baya ya kafa labarinsa a shekarun da suka shuɗe.

3.0 Asalinsa da Shigarsa Rubutu

An haifi Walter Mosley a Los Angeles, cikin jihar Kalifoniya, ranar 12 ga Janairu, 1952. Mahaifinsa, Leroy Mosley, baƙar fata ne daga Luwiziyana a kudancin Amurka. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya zama mai kula da gine-ginen wata makaranta. Mahaifiyarsa, Ella, Bayahudiya ce. Mahaifin nasa ɗaya ne daga cikin baƙaƙe wajen miliyan 6 da suka yi ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa da yamma, daga kusan 1916 zuwa 1970, suna gudun wariyar launin fata, suna kuma neman aiki a masana'antu. A birnin Los Angeles kaɗai, yawan baƙaƙe ya tashi daga kimanin 64,000 a 1940 zuwa fiye da 170,000 a 1950. Cikin hirar waɗannan mutane Mosley ya tashi, kuma ita ce ta zame masa jari daga baya.

Bai shiga rubutu da wuri ba. Ya yi digiri a fannin kimiyyar siyasa a jihar Vermont, ya koma New York yana aikin tsara manhajar kwamfuta. Sai da ya kai shekara 34 ya fara rubuta ƙagaggen labari, sa'an nan ya shiga ajin koyon rubutu a City College, inda marubuciyar nan 'yar ƙasar Ailan, Edna O'Brien, ta kasance cikin malamansa.

Littafin da ya fara kammalawa shi ne Gone Fishin'. Labarin wasu samari biyu ne abokai, Easy Rawlins da Mouse, da tafiyar da suka yi a karkarar Teksas a 1939. Babu mai bincike a cikinsa. Masu ɗab'i suka ƙi karɓa. Shi da kansa ya sha faɗa cewa hujjar da aka ba shi ita ce wai babu kasuwa, domin fararen fata ba za su karanta labarin baƙaƙe ba, su kuma baƙaƙe maza ba su karatu. Da ya ga haka, sai ya ɗauki samarin nan biyu ya saka su cikin zubin labarin bincike. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ta wannan ƙofa ce ya shiga.

4.0 Littafin Farko

Kamfanin W. W. Norton ya buga Devil in a Blue Dress, wato shaiɗaniya cikin shuɗiyar riga, a 1990. An kafa labarin a 1948. Tauraronsa, Ezekiel Rawlins, wanda ake kira Easy, tsohon soja ne da aka kora daga aiki a masana'antar ƙera jiragen sama, ga shi kuma da bashin gidan da ya saya. Yana zaune a mashayar wani abokinsa sai wani farar fata, DeWitt Albright, ya shigo ya ba shi aikin neman wata mace mai suna Daphne Monet, wadda aka ce tana yawan shiga gidajen rawa na baƙaƙe.

Akwai abubuwa uku a nan da suka cancanci lura. Na farko, Mosley ya juya buɗewar littafin Chandler da aka ambata a sama. A can farar fata ne ke leƙa mashayar baƙaƙe yana ba mu labari, a nan kuwa baƙar fata ne ke zaune a ciki yana kallon baƙon da ya shigo. Na biyu, Easy ba shi da lasisin bincike, ba shi da ofis. Jarinsa shi ne sanin mutane, domin yana iya shiga shagon aski da coci da gidan rawa ya ji abin da ba za a taɓa gaya wa ɗan sanda ba. Na uku, abin da ya jefa shi cikin haɗari shi ne tsoron rasa gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in an tuna cewa sai a wannan shekara ta 1948 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin cewa kotuna ba za su ƙara tilasta bin yarjejeniyoyin da ke hana sayar wa baƙaƙe gida a wasu unguwanni ba. Ga jikan bayi, takardar mallakar gida shaidar 'yanci ce.

Warwarar labarin ma a kan launin fata ta tsaya, domin daga ƙarshe an gano cewa Daphne ruwa biyu ce da ke zaune a matsayin farar fata. Littafin ya sami lambar yabo ta Shamus, an kuma mai da shi fim a 1995, inda Denzel Washington ya fito a matsayin Easy.

5.0 Tarihi Littafi Bayan Littafi

A mafi yawan labaran bincike tauraro ba ya tsufa. Mosley ya saɓa wa wannan. Kowane littafi yakan matsa gaba da 'yan shekaru, Easy yana tsufa, birnin yana sauyawa, kuma kowane bincike yakan faɗa kan wani babi na tarihin Amurka.

A Red Death na 1991 an kafa shi a 1953, lokacin farautar 'yan gurguzu. Hukumar haraji ta gano gidajen hayar da Easy ya mallaka a ɓoye, sai wani jami'in hukumar FBI ya yi masa alkawarin sassauci in zai yi leƙen asirin wani Bayahude ɗan ƙungiyar ƙwadago da ke aiki da wani cocin baƙaƙe. Ke nan an tilasta masa ya zaɓa tsakanin kurkuku da cin amana. White Butterfly na 1992 an kafa shi a 1956. Ana ta kashe mata baƙaƙe hukuma ba ta damu ba, sai da aka kashe farar fata guda sa'an nan aka zo neman taimakonsa. Black Betty na 1994 yana cikin 1961, A Little Yellow Dog na 1996 kuwa yana cikin 1963, shekarar da aka harbe Shugaba Kennedy. A wannan littafi Easy ya zama shugaban masu kula da ginin makaranta, irin aikin mahaifin marubucin.

A ganina, ƙololuwar jerin shi ne Little Scarlet na 2004. A watan Agusta na 1965 tarzoma ta ɓarke a unguwar Watts bayan 'yan sanda sun tare wani matashi baƙar fata a mota. An yi kwana 6 ana ɗauki-ba-daɗi, mutum 34 suka mutu, fiye da 1,000 suka ji rauni. Mosley yana ɗan shekara 13 a lokacin. A littafin, 'yan sanda da kansu ne suka roƙi Easy ya binciki kisan wata mace baƙar fata da ake zargin wani farar fata da shi, don gudun kada wutar ta sake tashi. Rahoton hukuma yakan ba da adadin gawawwaki da na shagunan da aka ƙone. Shi kuwa wannan littafi ya nuna abin da ke zukatan waɗanda suka rayu a wurin, fushinsu da tsoronsu da kuma sabon ƙarfin halin da suka samu na kallon farar fata ido da ido.

6.0 Ɗaukaka da Neman Sakewa

A 1992, lokacin yaƙin neman zaɓe, Bill Clinton ya ambaci Mosley cikin marubutan da ya fi so, abin da ya ƙara wa littattafansa kasuwa ƙwarai. Da ya sami wannan ƙarfi, sai ya ɗauko Gone Fishin' da aka ƙi a baya, ya ba wani ƙaramin kamfanin ɗab'i na baƙaƙe da ke Baltimore, Black Classic Press, aka buga shi a 1997. Ya kuma jagoranci kafa kwas na koyon harkar ɗab'i a City College domin 'ya'yan tsiraru su sami shiga sana'ar. Dalilinsa a fili yake, tun da ya ɗanɗana yadda mai riƙe da maɗaba'a ke yanke hukuncin labarin da duniya za ta ji.

To sai dai ƙofar da ta shigar da shi ta so ta zame masa kurkuku, domin masu karatu Easy kawai suke nema. Ya yi ta ƙoƙarin faɗaɗa fagensa. Ya rubuta RL's Dream a 1995 a kan wani tsohon makaɗi, da Always Outnumbered, Always Outgunned a 1997 a kan wani tsohon fursuna mai suna Socrates Fortlow, da labaran ƙirƙirar kimiyya irin su Blue Light na 1998. A ƙarshen Blonde Faith na 2007 ma sai ya sa motar Easy ta faɗa daga kan dutse, da niyyar rufe jerin. Bayan shekara 6 ya dawo da shi da rai a Little Green na 2013, ya ci gaba da fitar da wasu littattafan jerin, ciki har da Farewell, Amethystine na 2024, wanda aka kafa a 1970. Littattafansa sun haura 60. A 2016 Ƙungiyar Marubuta Labaran Bincike ta Amurka ta ba shi lambarta mafi girma, a 2020 kuma ya zama baƙar fata namiji na farko da Gidauniyar Littattafai ta Ƙasa ta ba lambar hidima ga adabin Amurka.

7.0 Tsokaci

Ba a rasa abin suka a ayyukansa. Sau da yawa mace kyakkyawa ita ce mafarin fitina, wanda gado ne daga su Chandler da bai yar ba. Haka kuma wasu littattafan na baya-baya suna da yawan mutane har mai karatu ya rikice. Akwai kuma matsalar Mouse, abokin Easy, wanda kisa ba ya yi masa wuya. In tura ta kai bango shi ne ke zuwa da bindiga ya warware matsala, Easy ya tsira hannunsa ba jini. Wani zai ce wannan dabarar kauce wa wahala ce. Amma ana iya cewa a nan ne jigon yake: a inda doka ba ta kare talaka, mutumin kirki yakan wayi gari yana dogara da mugu, kuma Easy bai taɓa samun kwanciyar rai a kan haka ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Mosley ya shiga labarin bincike bisa larura, ya kuma yi amfani da shi ya rubuta tarihin baƙaƙen Los Angeles na fiye da shekara 20, tun daga 1948. Mai bincike yana da damar ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ta attajiri da ta matalauci, saboda haka ta idonsa ana iya ganin gari dukkansa.

A adabin Hausa muna da rassan nan biyu, amma kowanne yana tafiya shi kaɗai. Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka fito daga gasar 1933, sun waiwayi tarihi, ɗaya zuwan Turawa, ɗaya zamanin bauta. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, sun taɓo fasa-ƙwauri da ta'addanci. Ga mai sha'awar haɗa rassan biyu, fili a buɗe yake. Akwai Kano ta zamanin dalar gyaɗa, da Jos ta zamanin haƙar kuza, da kotunan alƙalai da 'yan doka na zamanin En'e. Dattawan da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu suna ƙarewa, kuma Mosley ma da hirar mahaifinsa ya fara.