Yadda Kasafin Kuɗi Ya Kayar Da Gwamnati A Birtaniya Cikin Kwana 49

A ranar 6 ga watan Satumba na 2022 ne Uwargida Liz Truss ta jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta zama Firayim Ministar Birtaniya, a ranar 25 ga watan Oktoba kuma ta bar ofis, bayan kwana 49 kacal, wanda shi ne mulki mafi gajarta da wani Firayim Minista ya taɓa yi a ƙasar. Abin da ya kawo ƙarshen gwamnatin tata shi ne rashin amincewar masu ba gwamnati rance.

Asalin maganar shi ne wani ƙaramin kasafin kuɗi da Ministan Kuɗi, Mista Kwasi Kwarteng, ya gabatar wa Majalisar Dokoki ranar 23 ga Satumba, inda ya bayyana rage haraji na kimanin fam miliyan dubu 45. Daga ciki akwai soke harajin kashi 45 cikin ɗari da ake karɓa a kan abin da ya haura fam 150,000 na kuɗin shigar mutum a shekara, da kuma janye shirin ƙara harajin kamfanoni daga kashi 19 zuwa 25. Bugu da ƙari, gwamnatin ta riga ta yi alkawarin tallafa wa magidanta wajen biyan kuɗin wuta da gas. Hujjarta ita ce sassaucin haraji zai ƙarfafa wa masu jari gwiwa, tattalin arziki ya bunƙasa.

Sai dai Ministan bai faɗi inda za a rage kashe kuɗi don cike giɓin ba, ke nan da rance za a cike shi. Har ila yau, bai bari ofishin nan mai zaman kansa da ke tantance lissafin kasafi, wanda aka kafa a 2010 kuma aka fi sani da OBR, ya fitar da hasashensa ba. Duk wannan kuwa a lokacin da hauhawar farashi ke wajen kashi 10 cikin ɗari, Babban Bankin Ingila yana ta ƙara kuɗin ruwa don ya dakushe ta.

Gwamnati tana cin bashi ne ta hanyar sayar da takardun lamuni, waɗanda kuma ake saye da sayarwa a kasuwa. Alal misali, takardar fam 100 mai biyan fam 3 a shekara, in masu saye suka ja baya har farashinta ya sauko zuwa fam 60, to wanda ya saya a wannan farashi yana samun kashi 5 cikin ɗari ne a shekara. Daga nan duk sabon rancen da gwamnati za ta nema, sai ta biya kwatankwacin haka. Abin da ya faru ke nan: ran 26 ga Satumba fam ya faɗi zuwa kimanin dala 1.03, darajar da bai taɓa faɗawa ba, ruwan takardun shekara 30 kuma ya kai kashi 5 cikin ɗari cikin 'yan kwanaki. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ma ya fito fili ya nemi gwamnatin ta sake tunani.

Haɗari mafi girma ya ɓullo ne daga asusun fansho. Da yawansu sun ƙulla yarjejeniyoyin rance da takardun gwamnati a matsayin jingina. Da darajar takardun ta faɗi, sai aka nemi su ƙaro jingina nan take. Don su sami tsabar kuɗi sai suka sayar da wasu takardun, abin da ya ƙara karya farashin, aka kuma sake neman ƙari. Ganin haka, ran 28 ga Satumba Babban Bankin ya ba da sanarwar zai sayi takardun har na fam miliyan dubu 65, ko da yake a ƙarshe na kimanin miliyan dubu 19 ya saya kafin ƙura ta lafa.

Talakawa ma abin bai bar su ba, domin akasarin masu gidaje a Birtaniya da rancen banki na shekaru da dama suke saye. Bankuna sun janye ɗaruruwan tayin rancen gida, ruwan sababbin rance na shekara biyu kuma ya haura kashi 6 cikin ɗari a watan Oktoba.

Daga bisani gwamnatin ta janye batun harajin masu hannu da shuni ran 3 ga Oktoba, aka sallami Mista Kwarteng ran 14, magajinsa Mista Jeremy Hunt ya soke kusan dukkan shirin ran 17, sannan Uwargida Truss ta bayyana murabus ɗinta ran 20. Mista Rishi Sunak ne ya gaje ta.

Wannan ba shi ne karon farko da kasuwa ta tanƙwara gwamnatin Birtaniya ba. Ran 16 ga Satumba na 1992, gwamnatin Mista John Major ta ƙara kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, ta kuma yi shelar kai shi 15, duk don ta kare fam, amma a daren ta fice daga tsarin daidaita canjin kuɗi na Turai. Jam'iyyarta ta sha kaye a zaɓen 1997, kamar yadda ta sake sha a na 2024, wanda bayansa gwamnatin Leba ta yi dokar da ta wajabta miƙa wa OBR duk wani babban shirin haraji ko kashe kuɗi don tantancewa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Masu ba da rance ba su ƙi Birtaniya don tana da bashi ba. Sun ja baya ne saboda ba a nuna musu lissafin biya ba. Ɗan kasuwar da zai je banki neman jari, ko wanda ke bin kasafin kuɗin gwamnatinsa don ya san inda canji da kuɗin ruwa za su dosa, ya kamata ya fara duba wannan: daga ina kuɗin za su fito, kuma wane ne ya tantance lissafin.