Ambaliya Da Almubazzaranci: Wa Ya Ɓata, Wa Ke Biya?

Wanda duk ya bi ta ƙasar Ringim, ko Miga, ko Kafin Hausa a daminar 2022 ya ga abin da ba zai so ya sake gani ba. Ruwa ya cinye gonakin shinkafa da gero, gidajen ƙasa suka rurrushe, aka kwashe mata da yara zuwa makarantun firamare. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san damina takan yi gardama, amma ta yanzu ta sake hali. Sai ta makara, in ta zo kuma ta sauke ruwan wata guda cikin 'yan kwanaki.

Masana sun tabbatar cewa hayaƙin man fetur da kwal da gas ke ɗumama duniya, kuma mafi yawansa daga manyan ƙasashe yake fitowa, irin su Sin da Amurka da ƙasashen Turai. Rabon Afirka duka bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. To, manomin Miga da bai taɓa mallakar ko babur ba, shi ne rumbunsa ya tafi da ruwa. Wannan rashin adalci ne ya sa taron ƙasashen duniya da aka yi a Masar a 2022 ya amince a kafa asusun taimaka wa ƙasashen da suka yi hasara.

Amma kada mu fake da laifin Turawa mu manta namu, domin irin wannan rabo yana nan tsakaninmu. Ɗan kasuwa a Shuwarin yana ƙulla wa mai sayen maggi na naira ɗari leda biyu. Mai shan ruwan leda ya jefar a kwata. Ledar nan ba ta ruɓewa. Ita ce za ta toshe magudana a Dutse, ruwa ya juya ya shiga gidan talaka mai ginin ƙasa, mai gidan bulo kuwa yana barcinsa. Wadda iska ta kai jeji, saniyar Bafillatani ta haɗiye, ta yi ta ramewa ba a san dalili ba sai ranar da mahauci ya farke tumbinta.

Mu ma'aikata ma ba mu tsira ba. Sau nawa ake tashi daga ofis ran Juma'a a bar fitila da fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna aiki har Litinin, wai don kayan gwamnati ne? Ai amana ce, kuma za a tambaye mu. Ga buhunan gawayi da ake shigowa da su gari tun da man fetur da gas suka yi tsada a 2023. Kowane buhu itace ne da aka sare a ƙauyen wani.

Allah Maɗaukaki Ya hana almubazzaranci a aya ta 31 ta Suratul A'araf, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana Sa'ad ɓarnar ruwa wajen alwala, ko da a bakin kogi mai gudu ne. Kawar da abin cutarwa daga hanya kuwa reshe ne na imani, kamar yadda ya zo cikin Sahihu Muslim. Saboda haka muna roƙon limamanmu su tuna wa jama'a yasar kwatoci tun watan Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, shugabannin kasuwa kuma su koma wa kwando da jakar saƙa.