Yadda Ake Yi wa Bangon Ɗaki Fenti da Kayan Aikin da Ake Buƙata

Da yawa daga cikinmu ɗalibai muna kama haya ne a wajen makaranta, kuma abin da mai gida yake miƙa mana sau tari ɗaki ne mai bango duk dauɗa. Kuɗin kiran mai fenti kan kai na fentin kansa. Saboda haka na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana yadda ake wannan aiki, tare da sunayen kayan aikin kamar yadda na ji su a bakin Hausawa masu sana'ar a unguwar Sabo, tunda ni ma koyon harshen nake yi.

Fenti iri biyu ne aka fi amfani da su a cikin ɗaki. Akwai fentin ruwa, wanda ake sirka shi da ruwa, ba shi da wari sosai, kuma yana bushewa cikin awa 2 zuwa 4. Akwai kuma fentin mai, mai ƙyalli, wanda ake sirkawa da tina ko kananzir, shi kuwa sai ya kwana kafin ya bushe. Na ruwa shi ne na bango da silin. Na mai ya fi dacewa da ƙofa da taga da kicin, domin ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Duka biyun sun bambanta da farar ƙasa, wadda ta fi araha amma takan biyo rigar duk wanda ya jingina.

Mafi yawan kalmomin sana'ar an aro su ne daga Ingilishi: fenti, burushi, rola, bokiti, galan. Amma tsani da tsumma da aikatau irin su shafa, kankare, cike da sirka, duk na gida ne. Wato an ari sunan kaya, aikin kuwa Hausa tana da kalmarsa tun zamanin yaɓe da shafe.

A ganina, gyaran bango ya fi shafa fentin muhimmanci, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Da farko a kankare duk tsohon fentin da ya ɗaɗɗago. A cike ramukan ƙusa da tsagogi, a bari su bushe, sannan a goge da takarda mai kaushi har wurin ya yi sumul. Idan tsohon fentin na mai ne, wajibi ne a goge ƙyallinsa, in ba haka ba fentin ruwa ba zai kama ba, zai riƙa salewa kamar fatar maciji. A nan a yi hattara: tsofaffin fentin mai sukan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara. A jiƙa wurin kafin a goge, a rufe hanci, a kuma fitar da yara.

Mu da muke kudu muna da wata matsala, wato danshi. Baƙin tabon da ke fitowa a kusurwa da damina hunhuna ce, kuma fenti ba ya kashe ta. Bayan 'yan makonni za ta sake ɓullowa. Sai an wanke ta da ruwan bilic, wurin ya bushe sarai. Idan kuwa ruwa ne yake shigowa ta rufi ko ta ƙasa, to maganar mai gida ce, kada ɗalibi ya zubar da kuɗinsa. Sabon filasta ma sai a ba shi kamar mako 4.

Nawa za a saya? Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, bangonsa ya kai kimanin murabba'in mita 40 idan an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe kamar mita 10, ke nan galan ɗaya mai lita 4 zai zagaye ɗakin sau ɗaya. Tunda sau biyu ake shafawa, galan biyu ake buƙata. Fenti mai araha ba ya kai haka, kuma yawan ruwa ba ya ƙara masa auki, rage masa ƙarfi kawai yake yi.

Wajen shafawa, daga sama ake farawa. A shimfiɗa tsofaffin jaridu ko leda a ƙasa, a yi silin tukuna. Daga nan a bi kusurwoyi da gefen soket da burushi, domin rola ba ta shiga lungu. Sannan a tsoma rola, a rage abin da ta ɗebo, a zana kamar harafin W a bango, a cike tsakaninsa ba tare da danna hannu ba. Kada a tsaya hutawa a tsakiyar bango, don inda busasshe ya haɗu da ɗanye layi zai fito. A bar tagogi a buɗe, sai dai lokacin hunturu a lura da ƙura, musamman kan fentin mai da yake daɗewa yana danƙo.

Da an gama a wanke kayan aiki, na fentin ruwa da ruwa da sabulu, na mai da kananzir. Ragowar fentin a rufe shi ruf a ajiye, domin ranar tashi daga gidan shi za a shafe tabon da gado da tebur suka bari, kafin mai gida ya zo duba ɗakinsa.